Kujerar Baba Gariba

Hausar mutumin ce ta cuce ni. Da a ce da Faransanci ko Turanci ya yi min magana a bakin iyakar Togo da Gana, da ko kallonsa ban yi ba. Amma ina tsaye a layi, rana ta ƙwalle, jaka a kafaɗa, tun Legas ban ji Hausa mai daɗi ba, sai na ji an ce a bayana, "Malam, daga Kano ko? Ai hular ta nuna." Na juya na ga mutum tsaf cikin farar shadda, da carbi a hannu. Ya ce idan na shiga da jakar nan ma'aikata za su zazzage ta su kwashe rabi, gara in ba shi ya bi da ita ta bayan kasuwa, mu haɗu a tsallake wajen mai shayi. Na ba shi, har da godiya. Mai shayin kam yana nan, na same shi, na zauna a bencinsa tun azahar har rana ta yi ja. Da ya gaji da ganina ina ta leƙen hanya, sai ya haɗa min shayi da burodi ya turo gabana, ya ce in sha, ba ni ne na farko ba. Bai karɓi ko sisina ba.

Ba kayana ne suka dame ni ba, don ba wasu kaya ba ne. Tsarabar Baba ce a ciki: hula, kwalbar turare, kilishi, da takalmin fata da ya sa dukawa suka ɗinka musamman, ya ce in kai wa amininsa Gariba.

Sunana Hamisu, ɗan Ƙofar Mazugal ne ni, kuma direban tifa. Yashi nake ɗauko wa magina. A shekarar da sojoji suka koma bariki kowa cewa yake aiki zai buɗe, sai mai tifar da nake ja ya sayar da motocinsa kaf ya faɗa siyasa, mu kuma ya bar mu da zaman benci. Mahaifina, Malam Ilu, tsohon ɗan kasuwar goro ne, kuma a zamaninsa gidan su Gariba yake sauka a zangon Kumashi. Da kasuwar ta mutu musu, Gariba ya koma tuƙi a wata mahaƙar zinariya. Shi ne ya aiko ta bakin masu motar goro cewa in akwai direba a gidan a turo masa.

Baba mutum ne mai sauƙi a kan komai, ban da gaisuwa. A gidanmu ba a gaishe shi a tsaye, ba a gaishe shi a sunkuye. Yana zaune a zaure kan buzunsa, za ka cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ka kai gwiwa biyu ƙasa, ka tsaya a haka yana tambayarka ɗaya bayan ɗaya, sai ya gama ya ce maka tashi. Yayana Lawan da 'ya'yansa shida, haka yake yi. A kan tafiyar tawa kuwa abin da Baba ya ce min ke nan: "Gariba ubanka ne a can. Abin da ba za ka yi min ba, kada ka yi masa."

Daga iyaka na shiga Ankara, babban birnin Gana, da abin da ya rage a aljihun wandona, daga nan Kumashi. A zango aka ce min Gariba ya daɗe da komawa garin mahaƙar da iyalinsa. Na sake hawa wata ƙaramar bas, muka nausa cikin daji. Ni da na saba in tsaya a kan Goron Dutse in hango gari har ƙarshensa, sai ga ni a hanyar da itatuwa suka rufe sama, ruwa yana ta zuba ba tsayawa. Wata mata a kusa da ni ta ga ina rawar sanyi, ta yaye zanen da ta rufe buhunta ta yafa min. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, muka yi ta gyaɗa wa juna kai har muka iso.

Ban taɓa ganin mutum mai girman jikin Baba Gariba ba. Da ya fito daga ɗaki sai da ya karkace kafin ƙofa ta fitar da shi. Na zube a gabansa na gaishe shi irin ta gidanmu. Ya kwashe da dariya, ya ce in tashi, nan ba a yin haka, amma na ga abin ya yi masa daɗi. Na faɗa masa labarin jaka ina kallon ƙasa, kunya kamar ta kashe ni, wai ɗan Malam Ilu ya zo gidan mutane hannu biyu. Ya shiga ɗaki ya fito da rigarsa ya ba ni in canja jiƙaƙƙiyar da ke jikina. Na sa ta ta sauko min har idon sawu, hannuwana suka ɓace a ciki. Matarsa, Mma Memuna, ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce sai ta ciyar da ni wata shida kafin in cika rabinta.

Hausarsu ta sha ba ni dariya a ɓoye. Ba ruwansu da mace da namiji, sai ka ji an ce Memuna ya dafa tuwo, mota ya lalace. Su kuma suna yi min dariya a fili, wai ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo.

Baba Gariba ya kai ni wajen kamfanin da ke kwangilar kwashe dutse a mahaƙar, ya ce ni ɗan wansa ne, ya tsaya min a kan komai har aka ɗauke ni. Ranar da na fara ganin motar da suke kira dampa, sai na ji kunyar kiran kaina direban babbar mota. Tayarta ta fi ni tsawo. Da tsani ake hawa. Wani bature mai magana ta hanci ya yi mana horo, yana nuna wannan yana nuna wancan, ina tsintar abin da zan iya tsinta. Cikin abin da ya nuna akwai wani baƙin abin murɗawa a ƙarƙashin kujerar direba, kamar kan famfo. Na gane cewa kujerar tana da sifirin da shokazoba nata na kanta, kuma kowane direba zai murɗa kan famfon nan daidai nauyinsa, don kujerar ta riƙa shanye duka kafin ya iso jikinsa.

Motocin ba sa hutawa, direbobi ne ke canzawa. Baba Gariba ya roƙa aka haɗa mu a mota ɗaya, in ya sauka in hau, in na sauka ya hau.

Aikin ba wuyar ganewa. Ka gangara cikin rami, rami ne da zai haɗiye unguwarmu har da Ƙofar Dawanau, ka ja da baya ƙarƙashin injin lodi, ya zuba maka dutse, ka hauro ka juye, ka koma. Haka har lokacin tashi. A satin farko na murɗa kan famfon kamar yadda baturen ya ce, na ji kujera ta yi laushi tana lilo da ni a hankali. Da na tashi aiki na gaji, na sauka na manta ban mayar da shi ba.

Washegari wajen canjin aiki, direbobi sun taru, Baba Gariba ya sauko daga tsani yana dafe da ƙugu, fuska a murtuke. Ashe ramin farko da ya faɗa, kujerar ta kasa ɗaukar nauyinsa, ta tafi da shi ƙasa ta buga ƙarfe, har ya ciji harshe.

"Wa ya taɓa min kujera?" ya ce.

Kowa ya juyo ya kalle ni. Mutumin da ya tufatar da ni, ya ciyar da ni, ya kira ni ɗan wansa. Na durƙusa a cikin taɓon nan na ce ya yafe min.

Ya ce, "Ba komai, tashi. Amma in riƙa samunsa yadda na bar shi."

A Kano ba a hawa buzun uba, balle a gyara masa shimfiɗa. Tun daga ranar hannuna bai sake zuwa ƙarƙashin kujerar nan ba.

Wanda bai ja irin motar nan ba ba zai gane jijjiga ba. Mutane suna zaton faɗawa rami ne abin, to shi ma yana nan, da kuma lokacin da injin lodi zai sako maka dutse a baya ka ji kamar an maka maka taɓarya a gadon baya. Amma waɗannan suna zuwa su wuce. Mugun shi ne ƙaramin, wanda ba ya tsayawa. Yana tasowa daga injin da tayoyi, ya bi ta ƙasan mota, ya shiga ta mazaunai, ya hau ƙashin baya har cikin haƙora. Ba ya yi maka zafi a lokacin, sai dai ya yi ta kaɗa ka awa bayan awa. Kujerar da aka ɗaure don Baba Gariba ba ta ma san na hau ta ba. Ko motsi ba ta yi a ƙarƙashina, kamar na kifa turmi na zauna a kai. In na sauka, ƙasa ta ci gaba da rawa a ƙafata. In na ɗauki kofin shayi sai ya yi ta ɓari. Na sha kai goshina ƙasa a sallah in ji injin yana nan yana aiki a cikin kaina.

Na yi dabaru iri-iri. Na ninke bargo na sa, na sayi matashin soso, wata biyu ya zama faifai. Na ɗaure ƙugu da rawani. Man zafi kuwa na shafa har Mma Memuna ta ce ɗakina ya fi kemis wari. Na je wajen wanzamin zango ya yi min ƙaho, na ji sauƙin kwana biyu. Duk direbobin haka suke, kowa da ciwon bayansa, in muka zauna cin wake da shinkafa hirar ke nan, wane magani ka gwada, wane ne ya yi maka. Shi ya sa ban ɗauka nawa daban ne ba.

Ga kuma yabo. Baba Gariba ba ya zama a majalisa bai yabe ni ba. "Yaron Kano ya san ladabi," haka yake cewa. "Shekara nawa muna mota ɗaya, kullum na hau, kujera yana nan yadda na bar shi." Mutane su ce madalla. Ni kuma in sunkuyar da kai ina jin daɗi, bayana yana ci da wuta.

Kewar gida ta fi kama ni da la'asar, lokacin da na san a lungunmu an yayyafa ruwa a ƙofar gida, mai gurasa ta ajiye tire, tsofaffi sun fito da tabarmi. A can ba abin da ke bushewa. Riga ta kwana biyu a igiya tana ɗoyi, takalmi ya yi fumfuna. Na yi kewar ƙasa busasshiya wadda mutum zai zauna a kai ya miƙe ƙafa. Da wayar hannu ta fara shigowa, nakan je wajen mai lema da ke ba da waya a biya, in kira wani maƙwabcinmu mai shago, ya kai wa Baba. Baba ba ya son waya, ihu yake yi a cikinta kamar mai kiran wanda ke tsallaken kogi, kuma tambayarsa ba ta canzawa.

"Kana lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Kana yi wa Gariba biyayya?"

"Ina yi, Baba."

"To madalla." Sai ya miƙa wa mai shago wayarsa.

Zaman tahiya ne ya fara gagarata. Sai in karkace in dafa ƙasa da hannu. Daga nan ruku'u ya koma rabi. Daga nan ƙafar hagu ta fara sagewa tun daga ɗuwawu har yatsu, wani lokaci in taka ƙasa ban ji na taka ba. Na koma sahun baya a masallaci, jikin bango, don in samu abin dafawa. Sallah dai na san Allah Ya yi rangwame, malamai sun faɗa, mara lafiya ya yi yadda zai iya. Wanda ban san ya taɓa yin rangwame ba shi ne Malam Ilu. Tsoron da nake kwana da shi nake tashi da shi ke nan: ranar da zan koma, in tsaya a bakin zaure, gwiwata ta ƙi kaiwa ƙasa. Sai in rufe ɗaki in riƙa gwadawa, ina riƙe da ƙarfen gado. Da farko ina kaiwa, tashin ne aiki. Daga baya kaiwar ma ta zama sai da hawaye.

A shekara ta huɗu aka ce wata mata za ta zo daga jami'ar Kumashi ta auna jijjigar motoci, don masu zuwa asibiti da ciwon baya sun yi wa kamfanin yawa. Direbobi suka yi ta tsaki, wai an turo mace ta koya musu zama. Sunanta Akosuwa, siririya ce mai tabarau, kuma ta tashi a maƙwabtan zango, tana jin Hausa irin tasu. Da layi ya zo kaina, ta cire bargona ta ajiye gefe, ta shimfiɗa wani faifan roba mai waya a kan kujera, ta manna wani a ƙasan motar, ta ce in zauna in yi aikina kamar kullum. Ta zauna a 'yar kujerar gefe da na'ura a cinyarta.

Muka yi sahu biyu tana duba na'urarta. A na uku ta ce in tsaya a gefe.

"Malam Hamisu, abin da ƙasan mota yake ji, shi bayanka yake ji. Kujeran nan ba ya rage maka komai. Nauyinka nawa?"

Na faɗa mata. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin kujerar, ta daɗe a sunkuye, sannan ta ɗago.

"An ɗaure shi har ƙarshe. Wannan na mutum biyu irinka ne. Ba a nuna maka yadda ake murɗawa ba?"

"An nuna min."

"To me ya hana?"

"Kujerar babana ce," na ce.

Ta cire tabarau ta kalle ni. Ta sa hannu za ta murɗa, abin ya ƙi, tsatsa ta cinye shi a inda yake. Sai da ta sa bakanike ya zuba masa mai.

Ban so ta yi maganar a gaban Baba Gariba ba, na ma roƙe ta, amma ta ce aikinta ne ta gaya wa duk masu hawa motar. Wajen canjin aiki ta ja mu gefe mu biyu ta yi bayani. Baba Gariba yana saurara yana gyaɗa kai, har ta zo wajen cewa shekaru ke nan ba a murɗa abin ba. Sai ya juyo gare ni.

"Hamisu, ba ka murɗawa?"

"Ka ce in riƙa barinta yadda ka bar ta, Baba."

"Na ce in same shi yadda na bar shi. Ka murɗa naka, in za ka sauka ka mayar min. Ni ai abin da nake yabo ke nan, wai yaron nan bai taɓa mantawa ba ko sau ɗaya."

Ya nemi matakalar tsanin motar ya zauna. Wannan ƙaton mutum, ya haɗa kai da gwiwa, yana ta inna lillahi a hankali. Ni kuma ina tsaye, wallahi raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Shi bai ce kada in taɓa ba. Baba bai ce in karya bayana ba. Na ji kamar in ɗauki dutse in farfasa kujerar, sai dai ko sunkuyawar ɗaukar dutsen ba zan iya ba.

Akosuwa ta ce kada mu ɗora wa kan famfon duka laifin. Ta ce kujerun sun tsufa, shokazobansu sun mutu, hanyar ramin ba a gyara ta yadda ya kamata, awannin sun yi yawa, kuma ana matsa wa direba ya yi gudu. Ko wanda ya murɗa daidai yana shan rabonsa, ga Baba Gariba nan da nasa ƙugun. Ta ce kujerar kirki ita ce wadda ba ta jiran direba ya tuna, ita za ta auna shi da kanta, kuma abin da za ta rubuta wa kamfanin ke nan. Ta faɗa ne don ta sanyaya mana, kuma gaskiya ce, amma ba ta sanyaya min ba.

Ita ce ta matsa aka kai ni babban asibiti aka ɗauki hoton bayana. Likita ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna min inda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya lotse ya danne jijiya. Ya ce in na ci gaba da hawa dampa, wata rana sai an sauko da ni. Aka mayar da ni bakin ƙofa ina ɗaga wa motoci tuta, na yi wata da watanni a haka, tsayuwar ma ta gagara. Na ce zan tafi gida.

Ana saura kwanaki in tafi, Baba Gariba ya zo ya ce in raka shi gareji. Ashe an kawo sababbin kujeru an sa a wasu motocin, har da tamu. Ya tallafe ni muka hau tsanin a hankali, ya ce in zauna, ya kunna mota. Na ji iska ta yi tsaki a ƙarƙashina, kujerar ta ɗan yi ƙasa, ta ɗago, ta tsaya cak daidai ni. Injin yana aiki, ina ganin madubi yana rawa, amma jikina shiru. Na tashi, shi ya zauna, ta sake yin tsaki ta tsaya daidai shi.

"Ka gani," ya ce. "Wannan bai san babba da yaro ba."

Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa. Muka zauna a ciki muna kallon gilashi, ruwa yana sauka.

Mma Memuna ta ɗaure min yaji da garin rogo, ta ce har yau ban cika rigar ba, amma in tafi da ita. Baba Gariba ya samo min wuri a motar goro mai zuwa Kano kai tsaye, ya sa aka shimfiɗa min katifa a kan huhunan, don ba zan iya zaman kujera na kwanaki ba. A tasha ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaya wa Ilu ni na karya maka baya." Na ce ba zan faɗa ba. A kwance na ratsa ƙasashe uku, ina kallon tamfol, kowane rami a hanya ina sanin zurfinsa.

Na shigo Kano da hantsi. Bangon gari duk fastocin 'yan takara, har da fuskar tsohon maigidana mai tifa, ya yi ƙiba. Ɗan acaɓa ya so ya ɗauke ni, na ce ya rufa min asiri, na taka a hankali daga bakin titi har lungunmu, ina hutawa a dakalin mutane.

Baba yana zaure kan buzunsa, inda na bar shi. Ya ƙara tsufa, gemun ya yi fari tas. Lawan yana gefe, da wasu dattawa biyu na unguwa. Na yi sallama, na cire takalmi a bakin ƙofa. Na dafa bango da hannun dama, na ce bismillah a zuciyata, na fara sauka. Na kai rabi, sai abin ya soke ni daga ƙugu har tafin ƙafa, ƙafar hagu ta ɗauke. Na kasa yin ƙasa, na kasa komawa sama, na maƙale a jikin bango gumi yana keto min. Da ƙyar na miƙe. Na sake gwadawa, ko rabin ban kai ba.

Na ji Lawan ya ce ƙasa-ƙasa, "Gana ta koya masa gaisuwar tsaye ke nan."

Baba bai kalle shi ba, ni yake kallo. Ya ce, "Bari, Hamisu. Gariba ya bugo waya. Ya faɗa min komai, ya ce maganata ka riƙe har bayanka ya lalace."

Sai ya ajiye carbinsa. Ya dafa ƙasa, ya dafa bango, ya fara miƙewa. Lawan ya zabura zai kama shi, ya ture hannunsa. Ya daɗe kafin ya tsaya, gwiwoyinsa suna ƙara, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya tashi don wani ɗansa ya shigo ba. Ya tako har inda nake, muka tsaya fuska da fuska, ashe na fi shi tsawo ban sani ba.

"Sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya, Baba."

"Ya ka baro Gariba? Ya iyalinsa? Ya mutanen zango?"

Ya bi tambayoyinsa duka ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, ina amsawa a tsaye. Da ya zo ƙarshe, wurin da yake cewa tashi, ya buɗe baki, ya tsaya, ya rufe. Ya juya wajen Lawan.

"Je ka samo masa kujera," ya ce. "Ka duba da kyau, wadda ta yi daidai da shi."